Aron Ido a Dir'iyya

Ni ɗan ƙwallon ƙafa ne tun ina yawo ba takalmi a Zariya. Da a ce wani ya gaya mini wata rana zan zauna cikin mota a Riyad gabana yana dukan uku-uku saboda wasu mutane masu kulki a Koriya, wallahi da na ce a kai shi a duba kansa. Amma haka aka yi, kuma har yau in na tuna sai tsigar jikina ta tashi.

A lokacin ina tuƙa wani injiniya ɗan Koriya a wurin ginin da ake yi a Dir'iyya, tsohon garin da ke gefen Riyad. Kamfanin da ke riƙe da iƙamata, wato takardar izinin zamana, shi ne ya haɗa ni da shi. Dattijo ne gajere, kansa fari fat, ba ya hayaniya, ba ya dariyar banza. Kowa a wurin aiki Muhandis yake ce masa, wato injiniya, ni ma haka, sai ran da raina ya yi fari in ce masa Baba. Shi kuma sadik yake kirana, wato aboki. Larabcinsa na kasuwa ne, Turancinsa guntu-guntu, nawa ma dai ba a cewa komai, amma da wannan da wancan da nuni da hannu muna gane juna sarai. Bayan asuba nake fitowa daga unguwar Jaradiya in ɗauko shi, mu bi ta gefen kwarin Wadi Hanifa rana tana hawa kan dabinai, mu isa inda tsofaffin gidajen ƙasa suke tsaye irin na cikin birninmu, injinan ɗaga kaya sun yi musu cirko-cirko ta sama.

Wata rana zafi ya fara sauka, na idar da sallar azahar na koma mota ina shirin kishingiɗa, sai ga shi ya buɗe ƙofa ya miƙo mini wayarsa da abin sawa a kunne. Ya ce, "Inta shuf, ana mafi shuf." Wai ni in kalla, shi ba zai kalla ba. Na duba fuskar wayar, na ga fili kore shar, da wasu ƙatti sanye da fararen kaya da hula, ɗaya yana riƙe da kulki.

Na ce, "Muhandis, mene ne wannan kuma?"

Ya ce besbol ne, kuma masu fararen kayan nan ƙungiyar garinsu ce. A gidansu gadonta ake yi, ba zaɓa ake ba. Bana sun shiga wasannin ƙarshen kaka, inda manya kaɗai ke saura ana tankaɗe har a fitar da zakara. Rabon da su ɗauki kofi tun shi bai san kansa ba. Sau ɗaya suka kai wasan ƙarshe yana saurayi, yana cikin filin, aka lallasa su a gaban idonsa. Daga nan ya lura duk wasan da ya zauna ya kalla sai an ci su, in ya kau da kai sai su yi abin kirki. Shi ne ya yanke wa kansa hukunci: idonsa ne matsalar. Tun daga lokacin bai sake kallon wasansu ana cikin yi ba, sai an gama ya san sakamako sannan ya kalli maimaici.

Na yi dariya har da buga sitiyari. Na ce, "Haba Baba! Mutum da karatunka, kana auna gini da na'ura, ka ce idonka daga nan Riyad yana karkatar da ƙwallo a Koriya? Wannan camfi ne. Abin da Allah ya rubuta shi zai faru, ko ka kalla ko ka rufe ido."

Ya gyaɗa kai ya ce gaskiya ne, gaskiya ne. Sannan ya tura mini wayar ya ce duk da haka in kalla.

Sai na ji dariyar ta maƙale mini. Mutum ya yi furfura yana son abu, bai taɓa ganin daɗinsa da zafi-zafi ba, kullum sai ɗumame. Kuma ya gaya mini da bakinsa cewa burinsa a duniya bai wuce ya ga an ɗaga kofin nan ba, alhali shi ne ya hana kansa gani. Tausayinsa ya kama ni, na karɓi wayar.

A kan ƙurar bonet ya koya mini wasan da yatsa. Ya zana murabba'i, ya ɗora tsakuwa a kowace kusurwa. Ni direba ne, don haka na fahimce shi a hanyata: tasha uku ce, sai gida. Mai jifa ya jefo ƙwallo, mai kulki ya doka ya ruga tasha ta farko. In ya zaga duka ya dawo gida an ci ɗaya. In ya kai duka ya sami iska sau uku, ya mutu. In aka cafe ƙwallonsa a sama, ko aka riga shi kai ta tasha, nan ma ya mutu. In mutum uku suka mutu sai a juya, masu duka su koma tsaro. Turmi tara ake yi, kamar dambe amma mai dogon zango. Na tambaye shi minti nawa ne wasan. Ya ce babu agogo. Na ce kamar yaya babu agogo? Ya ce sai mutum na ƙarshe ya mutu, ko da za a kai gobe.

Ranar farko na yi ta tsaki. Wannan ai ba wasa ba ne, tsayuwa ce. Mutum tara a fili, ɗaya yana jifa, sauran suna gyara hula suna tofar da yawu. Na ce a raina in da a filin unguwarmu ne da tuni 'yan kallo sun watse. Sai na ƙara murya a abin kunnen don kada barci ya ɗauke ni.

Tabɗi! Abin da ya shigo kunnena ban taɓa jin irinsa ba. Filin nan cike yake maƙil har sama, maza da mata da tsofaffi da yara a kafaɗa, kuma dukkansu waƙa suke yi da murya ɗaya. Ba ihun da muka saba ba, kowa da nasa. Waƙa ce tsararriya, da amshi, da tafi a wuri ɗaya. Wani mutum yana tsaye kan dandamali da usur a baki, in ya ɗaga hannu dubban mutane su ɗaga, in ya sauke su yi tsit kamar an ɗauke wuta. Kuma kowane mai kulki da waƙarsa ta kansa. Da ya taho daga benci sai filin gaba ɗaya ya ɗauki tasa, ko gwani ne ko ɗan rakiya. Na zauna cikin mota a inuwar katangar kwano, tirela tana juye yashi a bayana, ni kuwa kunnena yana can wata duniya inda dare ya riga ya yi, fitilu sun haske fili fes. Ban san kalma ɗaya a cikin abin da suke rerawa ba, amma sai da na ji idona ya yi zafi.

Daga nan na fara kallo da gaske, sai na gane tsayuwar nan ba tsayuwa ba ce. Mai jifa yana wurgo ƙwallon da gudun da ya fi wanda nake yi a babban titi, kuma kafin ta iso sai ta lanƙwasa ta faɗi ƙasa kamar an ja ta da zare. Yaya ɗan Adam zai doki wannan? Amma suna dukanta. Na ga wani ya maka ta ta yi sama har ta ɓace cikin fitilu, wani siririn mai tsaro ya juya mata baya yana gudu, bai ko waiwayo ba, ya taka katanga ya miƙa hannu, ta faɗa cikin safar hannunsa ta fata. Na yi salati da ƙarfi ni kaɗai. Allah mai halitta, ya ba kowa abin da ya ba shi.

Haka muka tsara. Lokacinsu yana gaban namu, wasan darensu yana faɗowa mana tsakar rana. Muhandis yana can yana zagayen aikinsa da hular kwano, ni ina mota ina yi masa aron ido. Lokaci-lokaci sai ya zo ya ƙwanƙwasa gilashi, ya juya wa wayar ƙeya, ya ce, "Kam?" wato nawa. In gaya masa ya koma. In aka kira la'asar sai in kife wayar a kan kujera in tafi masallacin ma'aikata. Sau da yawa ina dawowa in same shi tsaye a jikin mota, hannu a baya, yana kallon sama, wayar tana kife tazarar hannu ɗaya daga gare shi bai taɓa ta ba.

Inda muka fara samun saɓani shi ne wajen ba da labari. Mu dai ba a koya mana jefa wa mutum mugun labari a fuska ba. In an ci su, ya zo ya ce kam, sai in ce, "Muhandis, sannu da rana. Ya gajiya? Ka sha ruwa kuwa? Shigo ka zauna tukuna." Sai in ce ai yaran suna ƙoƙari, da sauƙi, ba a dai gama ba. Shi kuwa lamba yake so, tsurarta. Ran nan ya fusata ya ce me ya sa nake tambayar lafiyarsa alhali tun safe muna tare? Na ce haka ake yi, ba a faɗar rasuwa daga bakin ƙofa. Bai ɗau lokaci ba ya gano ni. Da na ce "sannu da rana" sai ya dafe kai ya juya, ba ya ma jiran sauran.

Akwai wani dattijo mutumin Maraɗi mai gadin ƙofar wurin aikin, ɗakinmu ɗaya a Jaradiya. Shi ya sa ni a gaba da tsiya. In ya ga na toshe kunne sai ya leƙo ya ce, "Malam direba, an shiga halwa? A sa mu a addu'a." Da yamma muna cin shinkafar kabsa da sauran 'yan ɗaki sai ya ce, "Ku tambaye shi sunan garin da yake wa kuka. Wallahi ko a taswira ba zai nuna shi ba." Na ce, "Baba, ka ci shinkafarka, wannan ya fi ƙarfinka." Ba a yi nisa ba sai ga shi yana tare ni a bakin ƙofa kafin ya ɗaga mana sanda, yana rage murya: "Ya mutanenmu suka kwana?"

Mutanenmu kuwa sai gaba suke yi. Ba irin namu ba ne na sili ɗaya ƙwale. Ƙungiya ɗaya za ku yi ta karawa da ita, yau da gobe da jibi, har wani ya riga wani cika adadin nasara. Kafin a rabu ka san kowa a cikinsu, ka san mai tsoro, ka san mai taurin kai. Suka ture na farko, suka ture na biyu da kyar da jiɓin goshi. Na shiga kantunan unguwar Suwaidi na sayi abin kunne mai kyau da kaina, don na Muhandis ɗaya gefen ya fara shiru. Na fara tashi da waƙoƙin nan a bakina, ina wanke mota ina rera abin da ban san ma'anarsa ba.

A cikinsu akwai wanda na fi so kuma na fi zagi. Wani ƙato ne mai tumbi, ya kwana biyu a duniya, gwiwoyinsa duk a ɗaure. In ya sami ƙwallo daidai sai dai a nemo ta a cikin 'yan kallo, amma in bai samu ba sai ya juya kamar zai faɗi. Gudu kuwa babu shi. In ya nufi tasha sai ka ce tirela ce da lodi tana hawan gada. Kullum ina ce masa, "Kai dai Allah ya shirye ka, rage cin tuwon dare!" Muhandis ya ce ai mutumin nan tun yana yaro yake ƙungiyar, an nemi saye shi ya ƙi tafiya, kuma bana ce shekararsa ta ƙarshe.

Da suka kai karon ƙarshe na sake yi wa Muhandis magana. Muna kan hanyar komawa, cunkoso ya riƙe mu. Na ce, "Baba, don Allah ka kalli ko turmi ɗaya. Ni da ba garinmu ba ina shan wannan daɗi, kai mai abu kana tsaye a rana? In suka ɗauka fa, shi ke nan sai dai in ba ka labari?" Ya ce ya fi son su ɗauka bai gani ba, da ya gani su rasa. Na kalle shi ta madubi, ya juya yana kallon waje. Abin ya tsaya mini a rai, har haushinsa na ji.

Aka yi ta ja, su ci yau a ci su gobe, har aka zo wasan da babu wani bayansa. Wanda ya ci ya ɗauka. A filin mutanenmu za a yi, kuma mai gida shi ke da duka na ƙarshe. Ran nan Muhandis bai iya zagaye ba. Ya ba mataimakansa umarni, ya zo ya shiga bayan mota, ya kife hular kwano a fuska, ya harɗe hannu a ƙirji. Na kunna sanyi na toshe kunnena.

Ban taɓa ganin taro irin na ranar ba. Kafin a fara suka yi shiru gaba ɗaya, shirun da har iskar filin nake ji, sannan suka ɓarke da wata waƙa a hankali, kowa ya dafa kafaɗar na kusa da shi, filin yana tangaɗi hagu da dama. Aka nuno wata tsohuwa tana rerawa ido a rufe, hawaye yana bin kumatunta. Na ce ikon Allah, duk wannan tun ba a jefa ƙwallo ko ɗaya ba.

Aka ci mu ɗaya tun da wuri. Muka rama. Aka sake cin mu. Daga bayana murya tana fitowa ta ƙarƙashin hula: "Kam?" Ran nan ban yi masa sannu da rana ba, lambar nake ba shi kai tsaye, don ni ma ba ni da ƙarfin kwana-kwana. Na je la'asar na dawo, Allah ya yafe mini, ban san surar da na karanta ba. Har aka shiga turmi na tara suna gabanmu da ɗaya.

Na farko ya doka sama aka cafe. Na biyu ya doka ƙasa aka riga shi tasha. Saura rai ɗaya, babu kowa a kan hanya, sai ga mai tumbi ya taho yana jan ƙafa. Filin ya ɗauki waƙarsa kamar za su tsaga sama. Na ce, "Yau dai ka rufa mana asiri." Ya kai duka, iska. Ya sake, iska. Na riƙe numfashi. Mai jifa ya ɗaga ƙafa ya saki, ƙwallon ta nutse ƙasa, mai tumbi ya kai mata wani wawan duka har hularsa ta faɗi, bai taɓa ta ba.

Uku ke nan. Na san dokar, a kan bonet aka koya mini. Na runtse ido, don ba zan iya kallon waɗancan suna tsalle a filinmu ba. Na fizge abin kunnen daga jikin wayar, na juya baya na miƙa masa wayar. Na ce, "Baba, sai haƙuri. Kalas, an gama."

Ya ɗaga hular a hankali, ya karɓa da hannu biyu. In an gama ai ya halatta ya kalla.

Sai ƙarar filin ta cika motar, kuma ba kukan waɗanda aka ci ba ne. Ihu ne, ihu na fitar hankali. Na ga idon Muhandis ya fito. Na leƙa ta kan kujera, me zan gani? Ƙwallon can tana gangarawa bayan mai tsugunno, wanda aikinsa ne ya cafe ta, ya jefar da abin fuskarsa yana binta a guje. Mai tumbi kuwa ya saki kulki ya nufi tasha ta farko, kai ba hula, baki a buɗe, tumbi yana gaba yana binsa. Ashe akwai wata doka da ba a zana mini ba: in duka na uku ya sami iska amma mai tsugunno bai riƙe ƙwallon ba, mutum bai mutu ba tukuna, yana da damar gudu. Duk kwanakin nan ban taɓa ganin an yi ba.

Ban san mutum mai wannan jiki zai iya irin gudun nan ba. Kamar ya tara shi ne tun yana yaro don wannan ranar. Aka jefo ƙwallon, shi kuma ya zube da ciki ya share ƙasa, ƙura ta tashi. Alƙalin wasa ya ware hannu biyu. Ya tsira.

Sai a lokacin na tuna abin da na aikata. Wasa yana raye, kuma Muhandis yana kallo. Ya ɗago ya dube ni, ya dubi wayar, ya yi kamar zai miƙo mini, ya kai rabin hanya ya tsaya. Na ɓoye hannuwana a bayan kujera. Na ce da Hausa, don Larabcin ya gudu, "Wallahi ba zan karɓa ba. Ka riga ka gani, ƙarasa." Ban sani ba ko ya gane maganar ko fuskata ya karanta. Ya jawo wayar kusa da ƙirjinsa. Na buɗe ƙofa na zagaya na shiga baya na zauna kusa da shi, abin da ban taɓa yi ba tun da na fara tuƙa shi.

Aka cire mai tumbi aka sa mai gudu a madadinsa, yana fita yana ɗingishi filin yana kiran sunansa. Wanda ya biyo baya shi ne siririn nan mai taka katanga, gwanin tsaro amma ba a san shi da ƙarfin duka ba. Jifa ta farko ya bari ta wuce. Ta biyu ya taɓa ta fita gefe. Ta gaba ma gefe. Ya yi ta kare kansa, mai jifa yana share gumi, ni ina jin numfashin Muhandis kamar na mai hawan bene. Ga tsoro ya cika ni. In aka kashe wannan yanzu, tsohon nan zai shiga kabarinsa da yaƙinin idonsa ne, kuma ni na miƙa masa wayar. Babu addu'ar da ban yi ba a cikin zuciyata.

Sai na ji ƙarar. Duk kwanakin nan na koyi bambanta ta, ƙara ce busasshiya kamar an fasa icce da gatari. Ƙwallon ta tashi, ta yi ta tashi, fara tas a cikin baƙin sama. Filin nan mai waƙa ya ɗauke wuta. Mai tsaronsu ya ja da baya, ya ja, ya kai katanga ya jingina, ya ɗaga kai yana kallonta ta wuce ta samansa ta faɗa cikin mutane. In ta haure katanga haka, da mai dukan da wanda ke tasha duk gida za su zago: biyu ke nan, mun wuce su.

Abin da ya biyo baya ba ni da bakin faɗarsa. Wayar kanta ta kasa ɗaukar ƙarar, sai kakari take. Dubban mutane suna tsalle wuri ɗaya har hoton yana girgiza, takardu masu ƙyalli suna zubowa daga sama, 'yan wasa sun fito daga benci sun taru a gida suna jiran siririn ya ƙaraso, mai tumbi yana tsakiyarsu a durƙushe yana kuka kamar yaro. Ni kuwa na fita daga mota ina kabbara ina dukan rufinta. Mai gadi ya baro ƙofarsa a guje, carbi a hannu, yana cewa, "Lafiya? Wa ya faɗo?" Na ce, "Mun ɗauka, Baba, mun ɗauka!" Ya ce, "Kai, alhamdulillahi!" ya rungume ni, wasu leburori 'yan Bangaladash suka tsaya da baro suna kallonmu.

Da na dawo hayyacina na leƙa bayan motar. Muhandis yana nan yadda na bar shi, bai yi ihu ba, bai motsa ba. Ya ƙura wa wayar ido. 'Yan wasan sun jera a gaban 'yan kallo sun cire huluna sun sunkuya, filin kuma ya koma waƙar nan ta a hankali. Leɓɓansa suna motsi tare da su, ya san kowace kalma. Na shiga na zauna a mazaunina na rufe ƙofa, na bar shi har aka ɗaga kofin.

Can ya ce, "Sadik."

Na ce, "Na'am, Baba."

"Na kalla. Kuma sun ci."

Na ce, "Ƙwarai kuwa, da idonka."

"To ashe ba idona ba ne."

Na buɗe baki zan ce ai tun ranar farko na gaya maka, har na shirya dariyata. Sai na hango fuskarsa a madubi, na haɗiye maganar. Ba fuskar wanda ya ci kofi ba ce. Ya kife wayar a cinyarsa, ya yi magana a hankali, yana neman kalmomin ɗaya bayan ɗaya cikin ɗan Larabcin da yake da shi.

Ya ce mahaifinsa, duk ranar wasa, sai ya ajiye masa wuri kusa da shi ya aika a kira shi. Yana da ƙarfi yana kiransa su je fili, da ya tsufa yana kiransa gaban talabijin, har da ya kwanta a asibiti bai daina ba. Shi kuma kullum sai ya ce yana da aiki, ya fita ya zauna a waje, don kada ya jawo wa tsohon baƙin ciki da idonsa.

"Bai taɓa sanin dalili ba," in ji shi. "Ya rasu yana zaton zama da shi ne ba na so."